Ajin Tsohon Birnin Gwari na buƙatar fasahar da ba ta jiran sabis

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, don a matsa wa 'yan bindiga lamba. Aka shafe kusan wata biyu babu kira, babu data. Malamin da ya saba shirya darasi da YouTube ko WhatsApp sai wayarsa ta koma tocila.

Wannan ya isa darasi ga duk mai son kai fasaha aji a Tsohon Birnin Gwari da ƙauyukan bakin dajin. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ɗan birni aka yi wa ita. A nan ana buƙatar wadda za ta yi aiki ko da sabis ya ɗauke.

Kuma akwai su, kyauta. Ana ɗora Kolibri a kan tsohuwar laftof guda, ita kuma ta raba bidiyo da atisaye ga wayoyin da ke ajin ta Wi-Fi, ba tare da an ci data ba. Kiwix na sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Tun 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport mai ɗauke da darussan firamare da sakandare. Ƙaramin sola da batir sun isa a riƙa yin caji.

Wasu za su ce makarantar da ba ta da rufi da benci, yaranta kuma na tsoron hanya, me ya haɗa ta da kwamfuta? Gaskiya ne, tsaro ne kan gaba, kuma na'ura ba ta maye gurbin malami. Sai dai jarabawa ba ta jira. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta soma a 2024 da masu rubutawa daga waje. Yaron da bai taɓa danna madanni ba sai ranar jarabawa, an kayar da shi tun kafin ya karanta tambayar farko.

Saboda haka malami za a fara koya wa, kafin a raba kaya. Kwamfutar da malami ke tsoro, a ofishin hedimasta take ƙarewa, ƙura ta rufe ta.

Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, zirga-zirga ta ɗan farfaɗo. Matasan da ke zuwa Kaduna suna dawowa da finafinan Kannywood cike da memori, su tura wa abokai ta Xender. Hanyar nan za ta iya ɗauko darasin lissafi da tsofaffin tambayoyin JAMB. Wanda zai je gida a hutun nan, ya ware wa malamin ƙaninsa gigabait biyu.