Garba a faranti

Mutumin Bebeji ko Kiru da ya sauka Abijan zai yi turus idan aka tambaye shi ko zai ci Garba. Dambun rogo ne da soyayyen kifi da yankakken attaruhu, sunan kuwa ana danganta shi da 'yan Nijar masu sayar da shi. A Turkiyya akwai yalo cushe da albasa da tumatir da suke kira "liman ya suma". Mu ma ai haka muke: baƙon da ya tsaya Kwanar Ɗangora aka ce ga kwaɗo, sai ya leƙa kwanon kafin ya yarda zogale ne da ƙuli-ƙuli. Ni dai ina roƙon masu gidajen abinci kada su sauya sunayen nan, domin tarihin mutane ne. Su rubuta abin da ke ciki a ƙarƙashin sunan, ya wadatar.