Tara "Masha Allah" ba shi ne gina suna ba

A Sandamu, kamar a Daura da Mai'adua da Zango da Baure, wayar hannu ta zama shago. Tela na ɗora hoton kaftanin da ya ɗinka a Status ɗin WhatsApp, mai gyaran waya na sakin bidiyo a TikTok, mai turaren wuta na tallata kayanta a Facebook. Kowa na son a san shi da sana'arsa, kuma hakan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda matasa da yawa ke auna nasararsu da yawan "like" da "Masha Allah".

Su wa ke rubuta wannan yabon? Galibi 'yan uwa ne da abokan makaranta. A gari irin Sandamu, inda kowa ya san gidan su kowa, kunya ba za ta bar mutum ya rubuta a bainar jama'a cewa hannun rigar ya yi gajere ba. Wanda bai ji daɗin aiki ba shiru zai yi, gobe ya hau mashin ya kai ɗinkinsa Daura. Mai sana'a na murnar yabo, kasuwa na zamewa.

Laifi tudu ne, mutum ba ya ganin nasa. Don haka ra'ayin da ya fi amfani shi ne na wanda ya biya kuɗinsa, kuma a keɓe ake neman sa. Bayan kwana biyu da miƙa kaya, saƙon murya ya wadatar, tunda ba kowa ke son dogon rubutu ba. Tambayar ma sai an gyara ta. "Ya ka ga aikin?" amsarta ɗaya ce: "Ya yi." Amma "Yallaɓai, wane abu ɗaya zan gyara?" tana buɗe baki. WhatsApp ya ƙara hanyar jefa ƙuri'a a 2022, wadda ta dace da zaɓen launi ko farashi, sai dai ana ganin sunan wanda ya zaɓa, don haka ba wurin jin gaskiya mai ɗaci ba ce.

Na biyu, suna ya zama ɗaya. Idan sunan TikTok daban, na WhatsApp Business daban, na asusun OPay ko Moniepoint kuma na wani ɗan uwa, baƙon da zai tura kuɗi daga Katsina zai yi zaton damfara ce.

Na uku, kada a jingina da dandali ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai. Wanda ya ajiye lambobin abokan cinikinsa a wayarsa da littafi bai rasa su ba.

Wani zai ce yawan mabiya na jawo ciniki. Gaskiya ne, amma sau ɗaya yake jawowa. Abin da ke dawo da mutum karo na biyu shi ne cika alkawari da gyaran da ya gani an yi bayan ya yi magana. Matashin da ya tura tambaya ɗaya ga mutum biyar na ƙarshe da suka saya a wurinsa, zai san matsayin sunansa kafin sati ya ƙare.