Raddi ga Mai Cewa Rufe Fayil Ya Wadatar

Wani ɗan'uwa mai rubuta manhajar lissafin kantuna a nan Abuja yana koya wa matasa cewa in an kai manhaja kan na'urar da ba ta da fdatasync, kiran da ke tilasta saukar da rubutu kan faifai, a bar gurbinsa fanko kawai. Hujjojinsa uku ne.

Ya ce rufe fayil ya wadatar. Sam. Abin da manhaja ta rubuta yakan fara zama ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a Linux ma yana iya kai daƙiƙa 30 bai sauka kan faifai ba, kuma rufe fayil bai taɓa yin alkawarin gaggauta shi ba. A 2009 masu amfani da tsarin fayil na ext4 sun wayi gari fayilolinsu babu ko harafi bayan na'ura ta mutu, Theodore Ts'o kuwa, mai kula da ext4, ya ce manhajojin ne ba su kira fsync ba. To, ga mai kanti a kasuwar Wuse: ya karɓi kuɗi, allo ya nuna an adana, sai aka ɗauke wuta. Gobe shi da yaronsa, wa zai rantse?

Ya ce ai akwai inbata da janareta. A ofishinsa ƙila. Mai shago a Nyanya ko Kubwa fa? Babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, kuma kwamfuta takan sanƙare ko da wuta.

Ya ce fsync, wanda za a iya sakawa a gurbin, yana da nawa. Nan ya yi gaskiya, domin fdatasync yana tsallake abubuwa irin su lokacin da aka taɓa fayil, shi kuwa fsync sai ya kwashe duka. Amma maganin nawa shi ne a tara rubutu a sauke lokaci guda.

Abin da bai faɗa ba ya fi nauyi. A macOS, fsync kansa ba ya tilasta wa faifai ya zubar da abin da ya riƙe, sai an nemi F_FULLFSYNC. In wannan ya ƙi, a koma fsync, kamar yadda SQLite ke yi. A Windows akwai FlushFileBuffers. A kuma duba amsar da kiran ya dawo da ita, don a 2018 masu PostgreSQL sun gano cewa maimaita fsync bayan ya gaza yana iya nuna nasara alhali bayanan sun salwanta.

In duk hanyoyin sun toshe, manhaja ta fito fili ta ce ba ta adana ba. Gurbin fanko ha'inci ne ga mai kanti, Malam ya daina koyar da shi.