Amanar Yara Da Haƙƙin Iyaye

A shekarar 2022 kamfanin zuba jari na Primavera, mai tushe a ƙasar Sin, ya sayi Tutor.com, wanda makarantun Amurka da dama ke miƙa wa ɗalibansu domin ƙarin darasi ta intanet. A 2024 hukumar ilimi ta Jihar Florida ta gargaɗi makarantunta a kansa.

Ba ruwanmu da husumar Amurka da Sin. Abin lura shi ne, uba makaranta ya danƙa wa amanar ɗansa, ba wani baƙon da bai sani ba. Saboda haka, ya 'yan'uwa, wajibi ne duk makarantar da ta ɗauko irin wannan kamfani, har da namu na Islamiyya, ta bayyana wa iyaye a rubuce wanda ya mallake shi, abin da yake koyarwa, da inda yake adana bayanan yara, tun kafin darasin farko.