Kuturta Na Warkewa, Ƙyama Ce Ta Ƙi Magani

A shekarar 2018 ne wani fim daga ƙasar Masar mai suna Yomeddine, wato ranar sakamako, ya shiga babbar gasar fina-finai ta birnin Kan a Faransa. Shi ne dogon fim na farko da matashi Abubakar Shawky ya shirya, ba kuma wani babban kamfani ya ɗauki nauyinsa ba.

Labarin Beshay ne, wani Kirista Bakibɗe da ubansa ya ajiye a sansanin kutare tun yana yaro, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Beshay ya warke, amma ya ci gaba da zama a can, yana tsince-tsince a juji. Da matarsa ta rasu, sai ya ɗaura wa jakinsa amalanke, shi da wani maraya, suka nufi garin Kena neman danginsa.

Abin lura a nan shi ne wanda ya fito a matsayin Beshay, Rady Gamal, ba ɗan wasa ba ne. Mutumin sansanin Abu Za'abal ne, tabon fuskarsa da dungulmin hannuwansa nasa ne na gaske. Manyan kamfanoni ba su cika yin wannan kasada ba, domin kyakkyawar fuska ce ke kawo kuɗi. Shi ya sa irin wannan labari ya fi fitowa daga hannun masu zaman kansu.

Mun ga ya dace mu yi tunani a kai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Duk da haka ana samun sababbin masu cutar kusan 200,000 kowace shekara a duniya, har da ƙasarmu. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron ƙyama, har cutar ta ci yatsu kafin su je asibiti.

'Yan'uwa, mun sani Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. To, wanda ya warke a cikinmu, ina yake zama ranar Lahadi? Wa ke cin tuwo da shi a kwano ɗaya? Wa zai ba ɗansa aure? Likita ya yi nasa, saura namu.