Manhajojin Ƙera Mutane A Kwamfuta: Manhaja Kyauta, Riga Da Dala

Abuja. A 'yan shekarun nan, masu zanen talla da masu buga littattafai a Babban Birnin Tarayya sun soma amfani da manhajojin da ke ƙera siffar mutum a kwamfuta, a tsayar da shi yadda ake so, a sa masa sutura, a haska masa fitila, sannan a wanke hotonsa tamkar an ɗauke shi da kyamara. Tun asali an yi su ne domin masu sha'awa, amma yanzu sun shiga harkar neman kuɗi, domin suna rage kuɗin hayar 'yan talla da mai ɗaukar hoto. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya san wadda zai zuba jarinsa a kai.

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce Poser, wadda Larry Weinberg ya ƙirƙira, kamfanin Fractal Design na Amurka ya fitar a shekarar 1995. Sayen ta ake yi, kuma ta sha canza hannu: daga MetaCreations zuwa Curious Labs, zuwa e frontier, zuwa Smith Micro a 2007, sannan Bondware a 2019. Wannan yawan canjin mai gida abin dubawa ne ga wanda zai ɗora sana'arsa a kan kayan wani kamfani.

Abokiyar gasarta ita ce DAZ Studio ta kamfanin DAZ 3D da ke jihar Yuta ta Amurka, wadda ta fito a 2005. Kyauta ake sauke ta, kuma mutum-mutuminta da ake kira Genesis, wanda ya fara fita a 2011 ya kai zubi na 9 a 2022, yana da kyau ƙwarai. Sai dai kamfanin yana cin ribarsa ne a shagonsa na intanet, inda ake sayar da gashi da fata da tufafi da ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, duk da dalar Amurka. Bugu da ƙari, lasisin da aka saba bayarwa ya halatta sayar da hoton da aka wanke, amma wanda zai saka mutum-mutumin kansa a cikin wasan kwamfuta sai ya sayi wani lasisi dabam.

Hanya ta uku ita ce haɗa MakeHuman da Blender. MakeHuman aikin 'yan sa kai ne, kuma duk siffar da mutum ya fitar daga cikinta yana da ikon yin kasuwanci da ita ba tare da biyan kowa ba. Blender kuwa, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama ta kowa da kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun yi karo-karo na Yuro 100,000. Da ita aka shirya fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci lambar Oscar a 2025. Aibinta shi ne wuyar koyo: abin da mai DAZ zai kammala a yini guda yana iya cin sabon shiga Blender makonni.

A ma'aunin tattalin arziki, farashin manhaja shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, ana canza dala a kan kimanin naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan rigar dala 20 da a da ba ta kai naira 10,000 ba ta koma naira 30,000 ko fiye a wancan lokacin. Haka zalika, tsarin Iray da DAZ ke wanke hoto da shi yana sauri ne idan kwamfuta tana da katin hoto na kamfanin NVIDIA, wanda duk mai tambayar farashinsa a Banex Plaza da ke Wuse ya san ba kayan araha ba ne. Ga kuma wutar lantarki, wadda hukumar NERC ta ɗaga kuɗinta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, alhali hoto guda yana iya ɗaukar sa'o'i.

Babbar matsalar ma ita ce abin da ke cikin shagunan. An cika su da kwat da siket da sulken mayaƙan tatsuniyoyin Turai, amma mai neman babbar riga mai aska, ko hula zanna, ko atamfa da mayafi, zai sha wuya kafin ya dace. Wanda zai tallata shadda ga mutanen Kano da Katsina ba zai yi haka da Bature mai kwat ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan giɓi kuwa kasuwa ce. Shagon DAZ da na Renderosity suna karɓar kayan masu fasaha daga ƙasashe dabam-dabam, su sayar, su raba kuɗin da mai kayan. Matashin da ya ƙware a Blender har ya iya ɗinka kaftani da babbar riga a kwamfuta zai yi amfani da su a aikinsa kyauta, kuma zai iya sayar da su da dala. Shirin yara na Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya faro a Abuja, ya nuna cewa akwai masu neman hoton da ya yi kama da mutanen ƙasar nan, ko da yake da zane shimfiɗaɗɗe aka yi shi.

Don haka, ƙaramin kamfanin da ke buƙatar hoto cikin gaggawa zai iya farawa da DAZ Studio, muddin ya ƙayyade abin da zai kashe a shagon, ya kuma karanta lasisi kafin ya saya. Amma mai dogon buri gara ya ware kuɗin horar da ma'aikaci ɗaya ko biyu a kan Blender da MakeHuman. Kuɗin horo sau ɗaya ake biyansa, da naira, kuma tufafin da aka ƙera sun zama kadarar kamfani. Ya dace hukumar NITDA da sauran masu shirya horon matasa a Abuja su sa wannan sana'a a cikin jadawalinsu.