Kafin ka ce littafin batsa ne, shafi nawa ka karanta?

Jama'a, abin nan ya fara isata. A nan Keffi sai ka ji ɗalibi yana tada jijiyar wuya wai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim batsa ce zalla, an zubar mana da mutunci don a karɓi dala 100,000 ta gasar NLNG a 2016. Ka tambaye shi shafi nawa ya karanta, sai kame-kame. Labari kawai aka ba shi: Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi.

Eh, akwai zina a ciki, kuma marubucin bai shafa mata mai ba, don masifar da ta jawo wa gidan Binta ba kaɗan ba ce. Amma wallahi littafin a kan yaran da muka yi asara yake magana.

Ɗanta na fari Binta take gani a fuskar Reza. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki, Yaro kawai ake ce masa, har 'yan sanda suka kashe shi. Shi kuwa Reza, uwarsa ta tafi Saudiyya ta bar shi yana ƙarami. Ga Fa'iza, wadda aka kashe 'yan gidansu a rikicin Jos, ta ɓuya cikin littattafan soyayya. Sannan ga Sanata, mai ajiye su Reza don bangar siyasa, ya yar da su idan buƙata ta biya.

Kuma a Mararaba abin yake faruwa, inda muke ratsawa duk ranar da muka hau motar Abuja. Yaran nan muna ganinsu ta taga.

To me ya sa zunubin Binta kaɗai ke tayar mana da hankali, na Sanata ko a jikinmu? Nan fa gizo ke saƙa. Zagin mace ba ya cin ko sisi, taɓa mai kuɗi ne ke da tsada.

Ban ce dole ka so littafin ba. Ka karanta shi har ƙarshe, sannan ka zo mu yi gardama da hujja, kamar 'yan jami'a. Jita-jita a bar wa tasha.